Rainon Sabon Inji

Shafi na 17

Masu cika min akwati da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa ruwa. Ga shi nan, ku gyara zama.

*

Auta ta kasa zama. Kujerar ƙarfen da ke ɗakin jira na garejin ta zauna a kai ta tashi ya fi a ƙirga. Ta duba waya, ta mayar cikin jaka, ta sake fito da ita. Daga aikin dare ta wuce nan kai tsaye, ko farar rigar asibitin ba ta cire ba, idanunta sai yaji suke.

Sabis ɗin farko ne fa kawai. Ranar da ta karɓi motar, abin da aka ce mata ke nan: ki lallaɓa ta, kada ki taka totur har ƙasa, kada ki lafta mata kaya, idan wata ya zagayo ki kawo a juye baƙin mai a canza filta. Aikin da ake yi kana tsaye. Ga shi waɗanda suka zo bayanta duk sun karɓi makullansu sun tafi.

Babban bakaniken, wanda kowa ke kira Injiniya, ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Sista, zo ki ga wani abu."

Muryar ba ta yi mata daɗi ba. Irin wadda ita ma take sawa ce idan za ta ja dangin mara lafiya gefe.

An ɗaga motar sama, fara sol, ko ledar kujerun baya ba a gama cirewa ba.

"Wa ke tuƙa motar nan bayan ke?"

"Ba kowa."

"Ba kowa?"

"Daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida. Da rana barci nake, tana ajiye a tsakar gida."

"Gidanku da nisa ne?"

"In ba don dare ba, ko a ƙafa sai in je."

Ya jinjina kai. "To mitarki ta kusa kilomita dubu biyu."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Mitar ce ta samu matsala."

"Lafiyar mita ƙalau. Kuma ba ita ta sa na kira ki ba. Sunkuyo."

Ya haska mata da tocila.

"Wannan lagireto ne, shi ke sanyaya inji. Kin ga nan? Ya lotsa, yana yoyo a hankali. Ruwan da kamfani ke zubawa mai launi ne. Wannan da ke ciki ruwan famfo ne, akwai mai ƙara mata kullum. Dubi bambar gaba ta ciki. An liƙe ta, an fesa fenti. Hannun gwani ne, amma aikin gaggawa."

"Me kake nufi?"

"An buga motar nan."

"Ni ban taɓa ko gogar bango ba."

"Ban ce ke ba ce. Na jona ta da kwamfuta. Tun da aka fito da ita ba a taɓa wahalar da injin ba, sai rana ɗaya. A ranar an zuba mata wuta, ruwa na zuba, inji na tafasa, ba a tsaya ba. Tsohon inji ma bai son haka, balle wanda bai gama zama ba."

Ta dafa ƙarfen da ke gefenta.

"Ya lalace ke nan?"

"Sai na buɗe na gani. In kan injin ya lanƙwashe, kamfani ba za su ɗauki gyaran ba, tunda bugu ne. Ki bar min ita. Kuma ki je gida ki tambaya wa ke da ɗayan makullin."

Ba ta buƙatar tambaya. Ta san inda yake.

*

A cikin tasi sai karkaɗa ƙafa take, har direban ya kalle ta ta madubi ya ce ko sauri take. Ta ce a'a. Can kuma ta ce masa ya ƙara wuta.

Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Kujerar da take tararwa ta ɗan ja baya, ta ce ko jikinta ne ya saba. Madubin da kullum sai ta gyara. Man da ba ya sauka, har tana cika baki a wajen aiki cewa motarta iska take sha.

Gidan su uku ne: ita, Umma, da Baba. Yayyenta duk sun yi aure sun watse. Umma ko keke ba ta taɓa hawa ba.

Baba kuwa tun yana saurayi yake bakin sitiyari, babbar mota ya ja har furfura ta cika masa kai. Hawan jinin ido ne ya sauke shi. Yanzu abin da ke gabansa daidai kawai yake gani, kamar mai leƙe ta ramin makulli, gefe da gefe duhu ne. Likita ya ce ko babur kada ya kuskura. Ita Auta da hannunta ta karɓe lasisinsa ta kulle a akwati, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta.

Amma ranar da ta kawo motar shi ya fi kowa murna. Ya shafa bonet, ya sa kunne yana sauraron inji, ya ce, "Auta, sabon inji jinjiri ne. Ba a sa shi gudu, ba a kuma barinsa kwance." Kullum da yamma sai ya tare ta da huɗuba: ki bar shi ya ɗumama, kada ki riƙe giya ɗaya, kada ki bari allurar zafi ta wuce tsakiya.

Mutumin da ke faɗin haka ne zai tafasa inji?

Ta girgiza kai. Ta sake girgizawa.

*

Umma na kicin tana wanke kwanuka. Jin ƙarar ƙofa ba ƙarar mota ya sa ta juyo.

"Ina motar?"

"Tana gareji. Umma, ina makullin da na ba ki ajiya?"

"Yana nan. Ki ci abinci tukuna, kin kwana a tsaye."

"Ɗauko min shi."

"Yanzu? Hannuna duk kumfa."

"Zan jira."

Umma ta ci gaba da cuɗa kwano ɗaya, wanda tuni ya fita.

"Umma."

"Ki rage murya, babanki ya kwanta."

"Shi ne ko?"

Umma ta sake ɗauraye kwanon.

"Umma, mutumin da ba ya ganin kofin shayi in an ajiye masa a gefe, shi kika ba makullin mota?"

Umma ta kashe famfo. Ta goge hannu a zaninta, ta jawo kujera ta zauna.

"Ba shi kaɗai yake fita ba."

"Da wa?"

"Da ni."

Auta ta tsaya tana kallonta.

"Ni ce idonsa," in ji Umma. "Ina zama a gefe. In ce rami a dama, mai babur a hagu, sassauta ga 'yan makaranta. Shi kuma hannunsa bai manta komai ba. Da kin kwanta sai mu tura ta waje a hankali, mu hau sabuwar hanyar bayan gari inda ba cunkoso. Kafin ki tashi mun dawo, ya wanke ta, ya cika mai."

"Ku tura ta? Ku biyu, da tsufanku?"

"Ai ba nauyi gare ta ba. Ni ce ma ke riƙe sitiyari."

Da wani lokaci ne da Auta ta yi dariya har da hawaye. Yau ko murmushi ba ta yi ba.

"Me ya sa, Umma?"

"Ya ce tafiyarki ba ta isa ta zaunar da inji ba. Kafin ya ɗumama kin kashe. Ya ce a haka zai tashi rago, yana shan mai yana tari. Da farko na hana. Amma ke ba ki ga yadda yake wuni ba, Auta. Kina barci, shi yana zaune a bakin ƙofa yana sauraron motocin mutane, yana gaya min wacce ce ke neman sabis. Ranar farko da muka fita, waƙa ya yi. Rabon da in ji waƙa a bakinsa tun kina goye."

"Da kun kashe kanku fa?"

"Ba mu taɓa wuce gudun keke mai kyau ba. Shi da kansa yake cewa ba a matsa wa jinjiri."

"To wa ya buga ta?"

Umma ta kau da kai.

"Ranar ba na ciki. Ƙafata ce ta kumbura, na ce mu haƙura. Na shiga wanka, kafin in fito ya tafi. Ya daɗe bai dawo ba, har na fara tunanin in tashe ki. Da ya dawo ya ce turken ƙarfe ya goga a bakin gidan mai, abokinsa mai gyaran jikin mota ya shafe wurin. Tun ranar bai sake cewa mu fita ba. Ruwa kawai yake ƙara mata da safe."

"Turke."

"Haka ya ce."

"Umma, wanda ya goga turke tsayawa yake ya duba. Injiniya ya ce bayan bugun gudu aka yi da ita har injin ya tafasa."

Umma ta ɗago. A fuskarta Auta ta gane wannan bai taɓa shiga kunnenta ba.

"Gudu? Babanki?"

*

Ba barci yake ba. Yana zaune a bakin gado, hula a gwiwa, rediyo a kashe. Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya samo ta a ɗan ganin da ya rage masa.

"Na ji ku. Bangon gidan nan ba ya riƙe magana. Shigo."

Ta durƙusa kamar yadda ta saba, amma gaisuwar ta ƙi fita. Umma ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me bakaniken ya ce game da injin?" ya tambaya.

"Sai ya buɗe."

"Ya ga ɓurɓushin ƙarfe a cikin man?"

"Baba, ba maganar inji na zo yi ba."

"Ki ce masa ya duba kan injin da kyau, kada ya yi gaggawar..."

"Baba."

Yatsunsa suna murza bakin hular, suna sakewa, suna sake murzawa.

"Kai ka hana ni taka totur. Kai ka ce ko allura ta motsa in tsaya in kashe. Ran nan da na ɗan ja ta a bakin titi, daga cikin ɗakin nan ka ji, ka yi min faɗa kamar na mari jariri. Me ya kore ka har ka manta duk wannan?"

"Tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne."

"Turke na..."

"Wane gidan mai? Faɗa min, yanzu in je in ga turken."

Ya kau da fuska wajen bango.

Umma ta matso. "Direba," ta ce, da sunan da take tsokanarsa tun suna amarci, amma yau ba wasa a ciki. "Ni ka yi wa ƙarya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban so hawan jininki ya tashi ba."

"Ga shi yanzu ya kwanta ai. Faɗi."

Ya ja numfashi mai tsawo.

"Na tafi lafiya. Wallahi lafiya na tafi. Injin yana ta sassanyar murya, ya fara sakin jiki, giya na shiga kamar man shanu. Na ce yau kam ya zauna, na gama wa Auta aikinta, daga yau na ajiye. Na juyo. Sai na ce bari in yanke ta cikin unguwa, kada in daɗe ki ankara."

"Sai me?" in ji Auta.

"Hanyar ba kowa. Abin da ke gabana ina ganinsa tar. Daga dama ya fito."

"Mene ne?"

"Ban gani ba."

"Baba, mene ne?"

"Na ce miki ban gani ba. Ji na yi. Gaban motar ya amsa, sitiyari ya girgiza a hannuna."

"Ka tsaya?"

"Na taka birki."

"Ka fito?"

Hular ta zame ta faɗi ƙasa. Bai neme ta ba.

"Na sa hannu zan buɗe ƙofa. Sai na ji ihu daga baya, mutane na tahowa da gudu, wani na cewa a tare shi. Auta, na yi shekaru a hanya. Na ga abin da taro ke yi wa direba kafin a tambayi sunansa. Na ga an cinna wa mota wuta da mutum a ciki. Kuma ga ni makaho, ba lasisi, a motar 'yata. Ƙafata ce ta yanke hukunci, ba ni ba. Ban san sanda na taka ba. Ina jin injin yana kuka, ina jin warin zafi, na kasa ɗaga ƙafar."

"Innalillahi," Umma ta faɗa a hankali, ta zame ta zauna a ƙasa.

Auta ta miƙe. Ta je taga, ta dawo. Ta sake komawa. Ɗakin ya yi mata kaɗan.

"Wataƙila akuya ce," ta ce. "Ko kare. Mutane na ihu a kan akuya ma. Ko ba haka ba, Umma? In dabba ce sai mu nemi mai ita mu ba shi haƙuri, shi ke nan. Bugun ai ƙasa-ƙasa ne, na gani da idona. Da babban mutum ne da bonet ya lotsa, da gilas ya fashe."

"Haka na riƙa gaya wa kaina," in ji Baba.

"To ka gani."

"Har na isa wajen abokina, ya kwance bambar."

Ya juya, ya lalubi ƙasan katifa. Sai da ya yi lalube sau biyu kafin ya jawo wata baƙar leda da aka ƙulle bakinta tam.

"Ya ce wannan ya samu a maƙale ta ciki. Ya ce in jefa a rijiya in manta. Na kasa. Kullum sai na fito da shi na taɓa, in mayar."

Ya miƙa ledar ba daidai inda take ba. Ta matsa ta karɓa.

Ba nauyi. Ta kasa kwance ƙullin, ta yage ledar da farce.

Takalmin makaranta ne, ƙafar hagu. Ɗan ƙarami, bai cika tafin hannunta ba. Baƙi, da maɗauri, an ɗinke maɗaurin da jan zare inda ya taɓa tsinkewa.

Umma ta toshe baki da mayafi.

Auta ba ta ji kukan Umma ba. Jan zaren take kallo.

Ta san ɗinkin nan. Ta san hannun da ya yi shi.

A ɗakin da take aiki, gadon ƙarshe kusa da taga, akwai wata yarinya da aka kawo mota ta buge ta, an naɗe mata kai, har yau ba ta buɗe ido ba. Uwarta ba ta zuwa gida, ba ta cin abin kirki. Tana zaune a kan tabarma rungume da takalmi ƙafa ɗaya, na dama, mai jan zare a maɗauri, tana cewa da 'yarta ta tashi za a nemo ɗayan, don ba ta son zuwa makaranta da silifa.

Jiya ma Auta ce ta kai mata ruwan zafi. Ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Wanda ya yi wannan ya gudu, Allah ya tona asirinsa tun a duniya."

Matar ta ce amin. Ita ma ta ce amin.

"Auta," Baba ya kira, yana juya kai yana nemanta a ɗakin. "Na ji kin yi shiru. Na yaro ne ko?"

Ta damƙe takalmin a tafin hannunta.

"Ke kina asibiti, kina ganin waɗanda ake kawowa." Muryarsa ta karye. "Ki gaya min gaskiya. Ko kin san mai shi?"